Kurkunun da Na Tsinka

Ina da shekara ashirin da biyu aka ba ni aji a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƴan kwana a Damagaram, shekaru kaɗan kafin mulkin kai. Ƙaramin malami ne ni, irin waɗanda ake kira mushe, wato malam da Faransanci, tun gemu bai fito ba, kuma ba zan ɓoye ba, hannuna ya fi bakina sauri. Dorina ce rataye a gefen allo. Yaro ya kuskure lissafi, biyar. Ya yi Hausa a cikin aji, goma. Haka aka yi mini, haka na riƙa yi, a lokacin kuma gani nake tarbiyya ce.

Yawancin yaranmu daga ƙauye aka kwaso su, Gaffati da Dogo da Damagaram Takaya. Ruwan tabki muke sha dukanmu, don garin nan bai taɓa ƙoshi da ruwa ba, kuma abin da ka sha bara shi ke fito maka bana a ƙafa. Da bazara ta kai ƙarshe sai kurkunu ya sauka. Wuri ya yi ƙurji, ya yi zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, sai ga farar tsutsa siririya kamar zaren saƙa ta leƙo. Akwai safiyar da rabin ajina ke jan gindi kafin su iso bakin ƙofa.

Kuɗin da ake ba lakwal don lafiyar yara ba ya kai mu ko'ina. A akwatin magani kwalbar aidin ce guda, sai ɗan ƙyallen ɗaurin ciwo da ake wankewa a sake ɗaurawa har ya zama raga. Kai yaro likita sai an yi hayar jaki, a je a yini a layi, a dawo da abin da aka tafi da shi. Daraktanmu, wani dattijo mutumin bakin teku mai tsoron takarda fiye da tsoron mutuwa, ya tara mu ya ce asusu ya ƙare, kowa ya san yadda zai yi da ajinsa.

Ni na kawo shawarar wanzamai. Akwai wani tsohon wanzami a unguwarmu, shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, saboda haka mushen nan nawa bai taɓa burge shi ba. Yakan ce ya san ni tun ba ni da wando. Na same shi a zaure muka daidaita. Shi da ƴaƴansa biyu za su riƙa zuwa kowace safiya su duba yara ba ko sisi, matan unguwa su kawo man shanu da tsummoki wankakku, mu kuma manyan ɗalibanmu su riƙa rubuta wa mutanen unguwa wasiƙa, su karanta musu takardun haraji. Sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa, ya kuma maimaita shi sau biyu yana nuna ni da aska.

"Mushe, tsinken da na ɗaura, ba mai taɓa shi sai ni. Ko kai, ko wanda ya ajiye ka."

Aikin nasu na haƙuri ne. A jiƙa wurin da ruwa har tsutsar ta miƙo kai, a kama ta a naɗe jikin tsinke, a murza a hankali. Iyakar abin da ta bayar don kanta shi ake naɗewa, wani lokaci gaɓar yatsa ɗaya a yini. Da ta ƙi, sai a shafa mai, a ɗaure tsinken da tsumma, sai gobe. In ta tsinke, ragowar ta koma ciki ta mutu, ƙafa ta ruɓe. Kowane ɗan garin nan ya san haka, ni ma na sani.

Abin ya yi kyau shekara biyu. Hayar jaki ta ƙare, aidin ya riƙa kai mu damina, darakta har ya fara gaishe ni da hannu. Sai dai a takardun da yake aikawa sama bai taɓa ambaton wanzami ba. A rubuce, likita ke duba yaranmu.

A shekara ta uku ina da wani yaro ɗan wajen Gaffati, mai shekara goma sha uku, baƙi siriri, ba ya magana sai an tambaye shi. Ban taɓa koyar da mai kai irin nasa ba. Shi nake sa ran zai ci satifika ya wuce kwalej, kuma in faɗi gaskiya, cin nasa shi zai sa a ƙara mini girma. Saura wata guda jarrabawa kurkunu ya fito masa a bayan gwiwar dama, wuri mafi muni. Tsohon da kansa ya karɓi aikin.

Saura kwana tara labari ya zo cewa sufeto Bature zai zauna a ɗakin jarrabawa, zai kuma duba jikin kowane yaro. Darakta ya kira ni ofis yana gumi. Ya ce in Baturen nan ya ga tsinke da tsumman wanzami a ƙafar ɗalibi, daga shi har ni mun bar aiki. Ko dai tsutsar ta fita kafin ranar, ko a cire sunan yaron.

Washegari na tari tsohon a bakin ɗakin kwana na tambaye shi saura kwana nawa. Ya ce mako uku, in Allah ya so. Na ce takwas nake da su. Ya yi dariya ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, in ɗora yaron a jaki ya je ya rubuta da tsinkensa, ai ba da ƙafa ake riƙe alƙalami ba. Na ce masa shi bai san aikin gwamnati ba. Ya ce ita ma tsutsar ba ta san shi ba. Ƴaƴansa suka ƙyalƙyale da dariya a gaban ɗalibaina, raina ya ɓaci har ina jin kunnuwana na zafi.

Na jira suka tafi. Da hantsi na sa manyan yara huɗu suka kwantar da shi rub da ciki a kan tabarma, biyu a hannu, biyu a ƙafa. Na kwance tsumman. Yaron ya waiwayo ya ce, "Mushe, Baba ya ce kar a taɓa." Na kwaɗa masa mari na ce ya rufe mini baki, wa ya fi sani tsakanina da mai aska.

Na jiƙa wurin yadda na ga suna yi, na murza. Ta biyo. Na ƙara, ta ƙara biyowa, har na fara jin daɗi ina cewa a raina ashe tsohon ja mana rai kawai yake yi. Sai ta tsaya. Yaron ya fara ihu yana dukan ƙasa da goshi, na ce a danne shi. Ɗaya daga masu riƙon ya saki yana kuka, na kai masa shuri ya koma ya kama. Na sake murzawa da ƙarfi. Ban ji ƙara ba, tsinken ne kawai ya yi sakayau a hannuna, na ga ragowar farin zaren ta shige cikin ramin ciwon ta ɓace.

Na zuba aidin na ɗaure, na ce duk wanda ya faɗa sai na fasa masa baya. Wauta ce, don da safe tsohon yana kwance tsumman ya gane. Bai yi mini faɗa ba. Ya dube ni, ya tofar da yawu a gefen takalmina, ya ce wa ƴaƴansa su haɗa kaya. Na bi shi har bakin hanya ina Baba, Baba, bai waiwayo ba. Daga ranar ba wanzamin da ya ƙara taka lakwal ɗinmu, matan unguwa ma suka daina aiko da mai.

Kwana uku ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi, fata na sheƙi, zazzaɓi ya rufe yaron har ba ya gane mutane. Muka kai shi likita, anfarme, wato ma'aikacin jinya, ya yi masa allura ya ce likitan da ke yanka ya tafi rangadi, sai bayan mako biyu. Na sauke girman kaina na koma zauren tsohon na durƙusa. Ya bar ni a durƙushe har ya gama yi wa mutum biyu aski, sannan ya ce a kawo yaron gidansa, shi dai ba ya ƙara shiga inda ake kwance masa ɗauri.

Sakiya ya yi masa. Aka sa kibiyar ƙarfe a wuta har ta yi ja. Tsohon ya ce ni zan riƙe ƙafar, tunda na iya sa a danne mutum. Na riƙe. Ƙarfen ya shiga da ƙauri irin na babbakar kai, yaron ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin ɗan Adam ba, ya gantsara wa tabarma cizo, ya suma. Mugunya da baƙin jini suka feso mini har ƙirji. Sau uku aka mayar da ƙarfen wuta.

Ranar jarrabawa uban yaron ya iso daga ƙauye, don labari ya kai masa. Manomi ne dogo, da gora a hannu. Ya same ni a tsakar lakwal ina jera yara, ya tambaya ko ni ne mushen, na ce ni ne. Dukan farko a kafaɗa ya same ni, na biyu ya fasa mini gira, na uku ina ƙasa. Ya yi ta jibga ta yana cewa da ƙafa biyu aka ƙwace masa ɗa. Yara suka yi cirko-cirko, ba wanda ya matso, kuma ban ga laifinsu ba. Masu gadi ne suka zo suka kayar da shi da gindin bindiga, suka ɗaure shi da igiya, suka ja shi jini na zuba daga bakinsa. Dukan ma'aikacin gwamnati ba ƙaramin laifi ba ne a zamanin. Na je na rantse cewa ni na fara zaginsa, duk da haka sai da ya yi wata guda yana fasa dutse.

Yaron ya rayu. Kwana arba'in yana kwance a zauren tsohon da gwiwa a lanƙwashe, don ta haka kaɗai yake samun barci. Kullum bayan la'asar nakan je in zauna a bakin ƙofa, ba mai ce mini zo, ba mai ce mini tafi. Ranar da ciwon ya rufe, uban ya zo da jaki, an sako shi ke nan. Tsohon ya kwance tsumma na ƙarshe, ya sa aka ɗaga yaron tsaye, ya ce ya taka.

Ƙafar hagu ta tsaya a ƙasa. Ta dama ta tsaya a sama, yatsu na lilo, tsakaninsu da ƙasa ya kai taƙi guda. Tsohon ya kama diddigen ya ja a hankali, ya shafa mai ya sake ja, jijiyar ta ƙi. Ya saki ya goge hannunsa, ya ce wa uban sai haƙuri, haka za ta zauna.

Ban san lokacin da na matso ba. Na ce masa ya ƙara gwadawa, ya miƙe ta ko kaɗan ne. Ina jin da muryar aji na faɗa, don ba ni da wata. Yaron ya ciji leɓe ya yunƙura har gumi ya keto masa, ƙafar ba ta motsa ba. Sai ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa.

"Mushe, wallahi iyakata ke nan. Don Allah kar ka buge ni."

Uban ya ɗauke shi ya ɗora a kan jaki, suka kama hanyar Gaffati.