Kafaɗar Hagu ta Marlys Tveit

Sau shida a rana Marlys Tveit take ɗaga ɗanta Curtis: daga gado zuwa keken guragu, daga keke zuwa banɗaki, zuwa wanka, da komawa. An haife shi da lalurar da ta riƙe masa ƙafafu biyu da hannu ɗaya, ta kuma nauyaya masa harshe, amma ba ta taɓa hankalinsa ba. A shekarar da abin ya faru yana da talatin da huɗu, ita tana da sittin da ɗaya. Mijinta Orlin ya rasu tun Curtis yana sakandare, ya bar musu tsohon gida a bakin gari, daura da rumbunan hatsi, a arewacin jihar Minnesota ta Amurka.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Da ta bari, ƙaramar hukuma ta riƙa ba ta ɗan albashi a matsayin mai kula da Curtis. Duk wata uku ake turo nas mai suna Jolene ta duba gidan, ta auna shi, ta cika takarda. A cikin takardar akwai layin da ke tambaya ko ya faɗi tun zuwan baya. Shekara tara ba a rubuta komai a layin ba, kuma Marlys ta riga ta ƙudurta a ranta cewa ranar da aka rubuta, ranar za a fara shirin raba ta da ɗanta.

Ɗagawar tana da tsarinta. Takan zagaye bayansa da hannun hagu, shi ya maƙale wuyanta da hannunsa mai lafiya, ta ƙirga uku da yaren kakarta, wanda iyakar abin da ya rage mata a cikinsa ke nan, sannan su miƙe tare.

Kowace kaka takan yi allurar rigakafin mura, saboda huhun Curtis ba shi da ƙwari. Wata Talata a watan Oktoba ta tsaya a kantin magani tana sauri, domin ta bar shi a mota da rediyo. Rigar sanyi ce a jikinta mai matsattsen hannu. Ba ta tsaya cirewa a gaban mutane ba, ta ja wuyan rigar ƙasa, ƙoƙon kafaɗar kawai ya fito. Mai allurar yana tsaye, ita tana zaune, ya soka a inda ya gani. Kafin la'asar hannun ya yi nauyi kamar ba nata ba.

Ranar Alhamis da safe ta zagaye bayan Curtis a banɗaki, ta ƙirga, suka miƙe, hannun ya saki. Ya faɗi, girarsa ta bugi bakin bahon wanka. Ɗinki huɗu aka yi masa. Da likita ya tambayi yadda aka yi, ta ce miƙa hannu ya yi zai ɗauki wani abu, keken ya karkace. Curtis ya dube ta. Da suka shiga mota ya juyo gare ta.

"Mama, ashe kin iya ƙarya haka?"

"Rufe min baki."

"Shekara talatin kina jana coci. Bari in ga fasto ranar Lahadi."

"In ka gan shi ka gaya masa wa ke yi maka wanka."

Ya yi dariya har ɗinkin ya ja shi. Ita ta tuƙa motar da hannu ɗaya har gida.

Bayan mako uku ta je ganin nata likitan saboda hawan jini. Ya tambaye ta jiki, ta ce lafiya lau, ba abin da za a ce. A garin nan haka ake amsawa. Mutum zai shigo da ƙafa a karye, a tambaye shi, ya ce akwai waɗanda suka fi shi wahala. Likita ya rubuta cewa ba ta da wani koke, ya ƙara mata ƙwaya.

Ƙanenta Arne ya riƙa zuwa safe da yamma yana kama mata, shi ma da nasa ciwon bayan. Sauran ɗagawa huɗun ita kaɗai take yi, tana jingina Curtis a ƙirji da cinya, tana cije leɓe. Sai a watan Fabrairu, da ta kasa saka hannu a rigar sanyi, ta faɗa wa likita gaskiya. Hoto ya nuna kumburi da yagewar jijiya, gaɓar kuma ta ƙage. Mai yi mata gashin ƙashi a asibiti ne ya fara tambayarta inda aka soka allurar. Ta nuna masa da yatsa. Ya ce wurin ya yi sama da yawa, kuma akwai asusun gwamnati da ke biyan diyya a kan irin wannan, ta wata kotu ta musamman, ba sai an ɗora wa kowa laifi ba.

Marlys ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, kalmar ma kunya take ba ta. Abu ɗaya ya sa ta ɗauki waya. Akwai injin ɗaga mutum da ake kafawa a silin, ya bi layin ƙarfe daga gado har banɗaki. Wanda hukuma ke bayarwa mai taya ne, ba ya shiga ƙofar banɗakinta. Na silin kuwa sai an sake katakon rufin gidan, abin da ba ta da hali. Idan aka kafa shi, Curtis zai zauna a gida ko da hannunta bai dawo ba.

Lauyar da ta samu, Renata Salcedo, tana wani birni mai nisa, ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Ta karanta takardun asibiti duka kafin ta kira.

"Uwargida Tveit, ba zan ɓoye miki ba. Abu biyu kotu ke nema. Na ɗaya, ciwon ya wuce wata shida, wannan muna dab da shi. Na biyu, ya fara cikin awa arba'in da takwas da yin allurar."

"Ai ranar ya fara."

"Na yarda da ke. Amma takarda ta ce bayan mako uku kin gaya wa likita lafiyarki lau. Wata huɗu ba inda aka rubuta kafaɗa. Me ya sa kika ce masa haka?"

"Tambayata ya yi don gaisuwa. Zan tsaya ina yi masa kuka?"

"Ku mutanen can za ku kashe ni. To, ba abin da ya faru a kwana biyun nan da wani ya gani? Kin fasa kwano, kin kasa tuƙi?"

Takardar ɗinkin Curtis tana cikin durowa, da kwanan wata a kanta, awa arba'in da huɗu bayan allurar. Idan ta ce hannunta ne ya saki, ta sami shaida. Amma ta san lauya za ta nemi takardun Jolene, kuma ba za ta iya rantsuwa a kotu da magana ɗaya ta bar wata a takardar hukuma ba.

"Babu," ta ce.

Curtis yana falo, ƙofa a buɗe. Da ta ajiye wayar ya kira ta.

"Tsohuwa, ƙarya ta biyu ke nan. Ina ƙirgawa."

"Ba ruwanka."

"Goshina ne fa. Ya ba ruwana?"

"Ka san abin da za su yi in suka ji?"

"Na sani. Ke kin san ƙarar da kike yi in kina ɗaga ni? A kunnena kike yi. Kamar an taka wa kare wutsiya."

Ta shiga kicin ta kunna famfo, ta bar shi yana zuba.

Jolene ta zo a watan Afrilu, ƙanƙara ta fara narkewa, ta cire takalmanta a bakin ƙofa. Marlys ta zuba mata kofi, ta yanka mata kek. Da aka zo layin faɗuwa, Jolene ta riga ta ɗora biro za ta ja layi kamar kullum.

"Na faɗi," in ji Curtis. Maganarsa a hankali take fita, dole a jira shi. "Oktoba. A banɗaki. Hannun Mama ne ya saki, ba keke ba."

Jolene ta ajiye biron. Ta dubi Marlys, ta ce ta ɗaga hannun hagu ta gani. Hannun ya tsaya daidai ƙirji.

"Haba Marlys. Wata shida? Nan na zauna a Janairu na ci kek ɗinki, kika bar ni na tafi?"

"Ba ki tambaye ni ba."

"Ban taɓa ganin mai taurin kai irinki ba, kuma na yi jinyar babanki."

"Kar ki rubuta, Jolene. Tare muke waƙa a coci."

"In ban rubuta ba ya sake faɗuwa, a kan wa zai faɗi?"

Ta rubuta. Ba wanda ya zo da mota ya ɗauke Curtis kamar yadda Marlys ta yi shekaru tana tsoro. Zama aka yi da shi, aka tambaye shi ra'ayinsa. Likita ya ce sai an yi mata aiki, kuma bayan aikin ba ɗaukar nauyi na tsawon watanni. An nemi mai zuwa gida kullum, ba a samu ba a duk yankin. Curtis da kansa ya zaɓi gidan kula da masu lalura da ke mil hamsin daga garin, ya ce zai zauna har kuɗin injin su fito. Ranar tafiya ya hana ta kwashe littattafansa daga kanta.

"Bar su nan. Hutu zan je daga girkinki."

Kwana uku ba ta yi masa magana a waya ba. A na huɗu ta tuƙa mota ta kai masa dankali da nama a kwano mai murfi, ta zauna ta ga ya cinye.

Curtis ya ba da shaidarsa a ƙarƙashin rantsuwa, ta bidiyo, daga ɗakin cin abincin gidan. Abin da wani zai faɗa a minti ashirin ya ɗauke shi awa biyu. Ya ƙi yarda a ƙarasa masa ko kalma ɗaya. Lauyan gwamnati, mutum mai ladabi, ya tambaye shi yadda ya tabbata Alhamis ce.

"Ranar kwasar shara ce. Ina kwance a ƙasa ina jin motar. Na ce ko ni suka zo ɗauka."

Renata ta ce shaidar ta yi ƙarfi, saura jira, domin ƙararraki irin wannan sun yi yawa, alƙalan kuma kaɗan ne. Aka yi wa Marlys aiki, hannun ya dawo rabi. Laraba da Lahadi take zuwa. Ma'aikatan gidan suna kula da shi yadda ya kamata, ba ta taɓa cewa ba haka ba, sai dai takan gyara masa matashi da zarar sun fita. Ta sa wani kamfani ya zo ya auna silin, aka rubuta sunanta a jerin masu jira. Duk zuwa Curtis yakan tsokane ta, ya tambaya ko attajira ta samu labari daga kotu.

A hunturu na biyu ciwon huhu ya kama shi. Kwana tara ya yi a asibiti, tana gefensa. Ya rasu wata Litinin da hantsi, yana da shekara talatin da shida. Ƙasa ta daskare da sanyi, ba a iya haƙa kabari, sai da ta saki a watan Mayu aka binne shi kusa da babansa.

Hukunci ya fito a watan Satumba. Renata ta kira da rana, Marlys tana tsaye a kicin.

"An ba mu gaskiya. Alƙali ya karɓi cewa ciwon ya fara cikin kwana biyu. Ban san yadda zan faɗa miki wannan ba, Marlys."

"Faɗi kawai. Me ya ce a kan Curtis?"

Renata ta karanta mata sakin layin. Alƙalin ya rubuta cewa takardun asibiti ba su taimaki mai ƙara ba, amma shaidar ɗanta ta zo dalla-dalla, ba ta saɓa wa kanta ba, kuma ya ba da ita yana sane da abin da za ta jawo masa.

"Ki aiko min da shafin nan a takarda," in ji Marlys.

"Zan aiko duka. Sai maganar adadin kuɗin, da inda za a tura."

"Wannan ki kira ni wani makon."

Mutumin kamfanin injin ya bugo kafin ƙarshen watan, da fara'arsa, ya ce layi ya zo kanta, za su iya fara aiki kafin sanyi ya shigo. Ta gode masa da haƙurin da ya yi da ita. Ta ce ya cire sunanta, ya ba na bayanta. Ya tambaya ko ta samu wani kamfani mai sauƙi ne, domin ana iya duba farashin. Ta ce a'a, farashinsa daidai ne.