Sandunan da Ba Mu Buga wa Orest Ba

Orest ɗan kawuna ne, kuma kaf lardinmu na Saskatchewan ba a taɓa haifar mai ƙaton kai irin nasa ba. Ranar da zai sayi hular kwano, da igiyar ɗaure shanu aka auna shi, ni shaida ne. Direban motar alkama ne, ya ba hamsin baya, amma duk Lahadi da rana yana kan ƙanƙara tare da mu, ƙungiyar tsofaffi 'yan hoki, wato ƙwallon sanda, masu tumbi da ciwon gwiwa.

Muna da al'ada. In mutum ya sha ƙasa da ƙarfi, kowa sai ya yi tsit. Da ya miƙe sai mu bubbuga sanduna a kan ƙanƙara, ƙwas ƙwas ƙwas, shi kuma ya ɗaga hannu ya koma wasa. Wannan ƙarar ta fi wa Orest daɗi a kan naɗin kabejin matarsa Lorna, wanda mutane ke tsallake gari biyu don su ci.

Faɗuwar farko, ƙeyarsa ce ta daki katangar fili. Na ce, "Kan Kabewa, yatsu nawa na ɗaga?"

Ya ce, "Biyu, kuma duka da datti."

Aka kwashe da dariya, aka buga masa sanduna. Uku na ɗaga.

Wata bai cika ba ya sake bugewa, ya sake tashi. Daga nan haske ya soma sara masa kai. Wata rana aka iske shi ya tsayar da mota cike da alkama a tsakiyar titi, yana tambaya ina ne zai kai ta. Likita ta ce ƙwaƙwalwarsa ta jijjiga sau biyu ba ta huta ba, bugu na uku zai iya kwantar da shi har abada.

Lorna ta faɗo mana ɗakin canza kaya, muna daga mu sai gajeren wando.

"Ku rufe tumbinku ku saurare ni. Wannan ƙwanƙwasar taku ce ke tashinsa. Duk wanda ya sake buga masa sanda, ni da shi ne."

Ta ɓoye takalmansa na sulɓi a ƙanƙara, ya aro wasu. Ran Lahadi sai ga shi. Kowa na kauce masa kamar ƙwai, amma shi kaɗai ya zame ya faɗi ta gefe. Allah ya sa kan bai taɓa ƙasa ba. Ya yunƙura ya miƙe, ya ɗaga hannu.

Sanduna suka ɗagu da kansu, suka tsaya a sama. Ba ka jin komai sai gurnanin injin sanyi.

Ya dube ni, hannun na sama har lokacin.

"Taras, ba ku ga na tashi ba?"

Na riƙe sandata a sama, ban buga ba. Ya sauke hannun a hankali, ya ja jiki ya fita. Bai sake hawa ƙanƙara ba.

Yana nan da ransa, a falo, labule a sauke. In na kira shi Kan Kabewa, wani lokaci ya rama, wani lokaci ya waiga ya ga da wa nake. Kwanaki ina zaune Lorna ta soma yanka kabeji a kan katako, ƙwas ƙwas ƙwas. Orest ya miƙe daga kujera, ya ɗaga wa bango hannu yana murmushi.

Yanzu da hannu take yayyaga kabejin.