Maɗaurin Roba a Wuyan Jar Waya

Ranar Talata, tara ga Faburairu, 2016, da ƙarfe goma saura kwata, magatakardan sito ya fara ganin mutumin da daga baya kowa ya koma kira Mai Ƙulli. Ya zo tagar sito da takardar kama aiki, dogo, da furfura a gefen kai, safarsa ɗaya ruwan ƙasa ɗaya koriya.

Aikinsa haɗa wuta ne a ɗakin na'urori, inda aka jera manyan akwatunan ƙarfe da ma'aikata ke kira rak, kowanne cike da kwamfutoci. A bayan kowane rak akwai dogayen sandunan soket biyu, kowace da layin wutarta. Kowace kwamfuta kuma wayoyinta biyu: ja ta tafi dama, koriya ta tafi hagu. In za a yi gyara, ba a bin waya har tushenta; a kashe layin dama, a zare jajaye. To, in ja ta ɓata hanya ta shiga hagu, mai rai za a zare, kwamfutar ta mutu da aikin mutane a cikinta.

Abin da ya ɗaure wa magatakarda kai shi ne maɗaurin roba, 'yar siririyar igiyar nan mai haƙora. Abokan aiki ƙunshi ɗaya ke kai su wata biyu. Mai Ƙulli kuwa uku yake karɓa a wata biyun. Kuma bai taɓa yarda a miƙo masa waya a hannu ba. Sai dai kwali a rufe, ya karanta rubutun jikinsa, ya buɗe, ya zauna nan bakin taga yana ɗaura wa kowace jar waya maɗauri ɗaya a wuya, kusa da filogi.

"Yaya, wai cin su kake yi?" magatakarda ya tambaye shi wata rana.

"Da yaji ma. Kai dai rubuta."

Ya rubuta, amma bai daina lura ba. Ya ga in matar Mai Ƙulli ta tafi ganin 'yarsu, safar nan sai ta sake saɓawa. Ya ga bai taɓa cewa "miƙo jar" ba, sai "miƙo ta dama". Shekara uku ana haka, ba a taɓa samun wayarsa ko ɗaya a inda ba nata ba.

Sai ranar wata Alhamis, sabbin kwamfutoci talatin suka iso, ana so a haɗa su kafin Asabar da za a canza sandunan dama. Wayoyinsu sittin suka zo a buhu ɗaya, a cakuɗe, ba kwali ba rubutu. Mai Ƙulli ya zazzage su a kan tebur, ya tsaya a kansu har shayinsa ya huce. Ya ɗaga biyu ya kai su hasken taga, ya mayar.

"Ƙanena," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "rufe ƙofar nan."

Magatakarda ya rufe.

"Wacce ce ja a nan?"

Nan komai ya faɗo wa magatakarda a wuri ɗaya: safar, kwalayen, "ta dama".

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun da aka haife ni. Duk kalar ƙasa nake ganinsu. Uwargida ce kaɗai ta sani, ita ma sai da na sayo mata lemo ɗanye shar na ce ya nuna. In shugabarmu Injiniya ta ji, ba zan sake taɓa filogi a gidan nan ba."

Magatakarda ya ja kujera, yana ware jajaye yana miƙawa, Mai Ƙulli yana ɗaurawa. Suka ƙirga talatin da talatin, sau biyu. A rijista ya rubuta abin da ya fita kawai: wayoyi sittin, maɗauri ƙunshi ɗaya.

Asabar aka yi gyara lafiya, sai dai kwamfuta ɗaya ta mutu a wani tsohon rak da wani ya haɗa, mai lafiyar ido sarai. Bayan rak duhu gare shi, ja da kore sun yi masa kama. Injiniya, shugabar ɗakin, tana bin layi da tocila ta shafa wuyan wata waya.

"Wannan ƙullin na mene ne?"

Magatakarda ya buɗe baki zai kare shi, Mai Ƙulli ya riga shi.

"Ranki ya daɗe, ido ne na saka wa yatsana, don nawa ba ya raba ja da kore."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta kashe tocilar, ta lalubi wayoyi uku masu ƙulli da hannu, ta kunna ta duba. Duk jajaye.

An janye shi daga manyan akwatunan rarraba wuta na ginin, inda launin waya ke iya kashe mutum, kuma hakan ya yi masa zafi. An bar masa rak. Daga watan nan doka ta fita: kowace jar waya da maɗauri a wuya. Ya yi ritaya a Disamba 2022, yana zaune gidan 'yarsa, ita ke ware masa safa. Sito yanzu ƙunshi tara yake fitarwa a wata.