Layi Shida na Kafinta

A shekarar da aka buɗe firamare kyauta ga kowa, ina da shekara ashirin da biyu, ina koyarwa a Gombe, ina haya a ɗaki guda a Hammadu Kafi. Lokacin kuɗin mai ne. An yi ƙarin albashi, kusan kowace rumfa a Kasuwar Gombe da rediyonta, har masu shayi. Da safe ina koyar da yara, bayan la'asar kuma ina da ajin manya na yaƙi da jahilci. Sun riga sun iya haɗa baƙi, aikina kawai in koya musu rubuta wasiƙa da cike takarda. Amma ni a raina marubuci ne, wasiƙa ta yi mini kaɗan.

Wata rana na raba allo gida biyar, na rubuta tatsuniya, waƙa, wasan kwaikwayo, ƙagaggen labari, da labarin kai. Wani tela a cikinsu ya tambaya ko ƙagaggen labari ba ƙarya ba ce. Na ce ba ƙarya ba ce, tunda mai ji ya san ƙirƙira aka yi. Labarin kai kuwa abin da ya same ka ne, ba ƙari ba ragi. Na ba su aikin gida, kowa ya rubuto nasa, kada ya wuce layi goma.

A benci na baya akwai wani kafinta, Batangale daga wajen Kaltungo, Kirista, ya haura hamsin. Rumfarsa na bayan kasuwa wajen 'yan katako, kuma zarto ya taɓa cinye masa rabin babban yatsa na hagu. Ya shiga ajin ne don ya riƙa karanta littafin addu'a da kansa. Ina ce masa Baba, yana ce mini Malam. Hausarsa irin ta wanda ya koya da girma ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ga abin da ya kawo mini a takardar da ya yago daga littafin awonsa:

"Yarinya na ya mutu da ƙyanda ran Talata. Shekaran shi shida. Na auna shi da tef na. Katako da na ajiye zan yi mishi benci na makaranta, da shi na yi akwati. Ban bari kowa ya taya ni ba. Katako ya ragu, yana nan a rumfa."

Na ɗauki jan biro na bi duk inda ya ce "ya" na mayar "ta", inda ya ce "shi" na mayar "ita". A ƙasa na rubuta: ya yi gajarta, ina baƙin cikin? Na ba shi maki huɗu cikin goma. Ban yi masa ta'aziyya ba. Ban ma tambaye shi wace Talatar ba ce, da na tambaya da na ji cewa wata biyu ba su cika ba. Da ake mayar wa kowa takardarsa na ce zan riƙe tasa don misali, ya ce to.

Takardar ta hana ni sakat. Ban gane cewa kyanta ne ya dame ni ba, na ɗauka rashin cikarta ne. Akwai wani gidan rediyo da ke karanta labaran masu sauraro ranar Lahadi bayan azahar, na daɗe ina aika musu ba su taɓa karanta nawa ba. Sai na zauna na mayar da layi shida shafi huɗu. A wancan lokacin na yi imani labari sai da mai laifi, sai da darasi a ƙarshe. Saboda haka na sa kafinta yana gidan burkutu lokacin da zazzaɓi ya tsananta, ya ƙi kai yarinya asibiti. Na sa uwar ta tafi ganin gida, yarinyar tana ta kiran Mama har ta cika. Ban sa suna ba, kuma na ga hakan ya wadatar. Amma na bar Gombe, na bar bayan kasuwa, na bar bencin makaranta, har guntun yatsan na bar shi, domin ya yi mini daɗi a labari.

Aka karanta shi, aka faɗi sunana sau biyu. Ranar Litinin malamai suka yi ta miƙo mini hannu, hedimasta ya ce matarsa sai da ta yi hawaye. Na yini ina jin kaina a sama.

Da la'asar kafinta ya zo aji kamar kullum, ya zauna a bencinsa, ya kwafi abin da ke allo. Da aka tashi ya jira kowa ya fita, sannan ya matso kusa da teburina, hularsa a hannu.

"Malam, wannan da aka karanta jiya, wanne ne a cikin guda biyar ɗin?"

Na ce ƙagaggen labari ne, Baba, ba da kai nake ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce shi ya gane, tunda yana ajin ranar da na yi bayani. Amma 'yan katako ba sa ajin, mutanen majami'arsu ba sa ajin. Tun safe mutum uku sun zo rumfa suna kallon hannunsa. Wani dattijon majami'a ya tambaye shi yaushe ya fara sha, shi da ko ranar aurensa bai kai burkutu baki ba. Bai ɗaga murya ba, kamar yana gaya mini ƙafar tebur ta karkace.

"Ni ba komai. Amma ka je ka gaya wa maman yarinya wane iri ne."

Ya nemi takardarsa. Na ciro ta daga aljihun tebur, duk ta yi ja da gyare-gyarena. Ya duba makin, ya duba tambayar da na rubuta a ƙasa, yana motsa leɓe yana haɗa baƙin a hankali har ya kai ƙarshe. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

Sai ranar Asabar na iya zuwa. Sau biyu ina kaiwa bakin layinsu a keke ina juyawa. Na tarar da maman yarinyar a tsakar gida tana tankaɗe, mijin yana kasuwa. Na gaishe ta, na ce Mama, ni ne malamin. Ta ce ta sani. Ta turo mini kujera da ƙafa, na kasa zama. Daga tsaye na fara yi mata bayanin bambancin ƙagaggen labari da labarin kai, da irin muryar da nake yi a aji. Ina jin kaina ina maganar, ina jin yadda take fita, amma na kasa tsayawa, don ban san abin da zan faɗa ba in na tsaya.

Ta bari na gama. Ta ce zancen burkutu bai dame ta ba, ta san mijinta, masu magana kuma za su gaji. Su biyu suka kai yarinyar asibiti, a bayanta ta goya ta. Sannan ta ajiye rariya.

"Kwana uku bakinta bai buɗe ba. Ban je ko'ina ba, ina riƙe da ita. Yanzu in na zauna sai in ji tana kirana da muryar mutumin rediyo. Wa ya ce ka sa ta kira ni?"

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ta ji. Ta ɗauki rariyarta, na tsaya kaɗan, na fita.

Na rubuta wa gidan rediyon cewa a sanar labarin ƙirƙira ne, babu wani kafinta mashayi a Gombe. Ban ji sun karanta ba, ni ma ban sake tuntuɓa ba, kuma in zan faɗi gaskiya na ji sanyi da ba su karanta ba. Kafinta ya ƙara zuwa aji sati biyu, don kada a ce fushi ya yi, daga nan ya daina. Tela ne ya gaya mini wani malamin majami'a ke ƙarasa koya masa. Shi ma telan daga ranar ya bar yi mini tambaya.

A makaranta kuwa ba wanda ya sani. Hedimasta ya sa aka karanta labarin ga 'yan aji shida a matsayin gargaɗi kan shaye-shaye, ina tsaye a gefe, aka tafa mini. Ina da damar in ce wani abu a ranar, ban ce ba. Shekara uku na ƙara yi a Gombe kafin a yi mini canji, kuma duk tsawonsu in zan shiga kasuwa ta ƙofar gaba nake bi, ko da abin da nake nema yana baya.