Goggo, Baƙuwa Ta Zo Ba Ta Same Ki Ba

Ranar Laraba, tara ga watan Yuni, da hantsi, mijinki ya rubuto a zauren da kika kafa mana na masu koyon tsara shafukan intanet. Da wayarki ya rubuto, sunanki ne ya fito a sama, shi ya sa na buɗe da saurina ina zaton sabon darasi ne. Ya ce Allah ya yi miki rasuwa da asuba, bayan jinyar da ba ki taɓa gaya mana nauyinta ba. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Na karanta, na ajiye wayar a kan keken ɗinkina, na ƙarasa kalmasar rigar da ke hannuna. Har yau ban yi kuka ba, Goggo. Ban san inda kukan ya maƙale ba.

Ana cikin zuba ta'aziyya a zauren sai ga saƙon wata baƙuwa mai sayar da turare, wadda ba ta daɗe da shigowa ba, ba ta kuma san abin da ake ciki ba. Ta ce, "Don Allah ku duba min shafina na farko," ta liƙa adireshi. Adireshin na cikin kwamfutarta ne, babu mai iya buɗe shi sai ita. Wani daga cikin gwanayenmu ya ce mata, "Baiwar Allah, ba kya ganin rasuwa aka yi? Kuma wannan ai ba shafi ba ne." Ta goge saƙonta, ta fita. Duk muna kallo, babu wanda ya tsai da ita, domin kowa ya saba ke ce mai tarar baƙo.

Kusan babu wanda bai yi wannan kuskuren ba a cikinmu. Ni da na yi nawa, har 'yan uwa na tura wa ina ƙafafa. Ba ki yi dariya ba. Cewa kika yi, "Madalla, Tela! Shafin yana nan lafiya lau a ɗakinka, saura mu fito da shi bakin titi." Kika bi da ni daki-daki har ya buɗe a wayarki. Kika yaba hotunan riguna tukuna, sannan kika ce jan rubutu a kan kore zai kai masu saye asibitin ido.

Goggo muke ce miki, alhali da yawanmu mun girme ki. Kin hana a ce wa mutum "an sha amsa wannan", kin hana a ce "je ka bincika". In wani gwani ya yi wa ɗan koyo gatsali, ba kya tsinka shi a gaban jama'a, sai ki bi shi gefe. Ban san abin da kike gaya musu ba, na dai san sukan dawo su amsa tambayar da ladabi kamar ba su ba. Wasu sun yi fushi sun tafi, sun ce kin mai da zauren ajin raino. Kika ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mu da ba mu da tabarmar ma.

Na je gaisuwa. Ban taɓa ganin ɗakin aikinki ba sai ranar: ƙaramin tebur a jikin taga, kwamfuta an ɗaure marfinta da salatif, kujera da matashi biyu saboda ciwon baya, kwalayen magani a bayan labule. Mijinki ya ce, "Ko a gadon asibiti sai ta ce in karanto mata tambayoyin, tana faɗa ina rubutawa." Na tsaya ina kallon kujerar, ban ji komai ba sai ƙarar fanka.

Abin da ya hana ni sakat shi ne mai turaren nan. In ta tafi ke nan, to zaurenki ya riga ya bi ki, sunan kawai ya rage. Na nemo lambarta, na ba ta haƙuri, na gaya mata wadda muka rasa. Sai washegari ta amsa. Ta yi miki addu'a, sannan ta ce, "Yaya, yaushe za a gama zaman makokin, in dawo in yi tambayata?"

Ba ni da irin bakinki, Goggo, ban iya kalaman da kika iya ba. Na dai mai da ita zauren, na rubuta a gaban kowa, a tsakiyar ta'aziyyarki: "Ki tambaya yanzu."

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka makwancinki, ya tare ki da fuskar da kika tari bayinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki da 'ya'yanki da mahaifiyarki. Allah ya ba su haƙuri, mu kuma ya ba mu ikon riƙe ƙofar a buɗe. Amin.