Rashin Jotham Keller, Mai Niƙan Wexley

Allah ne ke ba da rai, shi ne kuma ke karɓar abinsa. A safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 1845, ya karɓi ran Jotham Keller, mai injin niƙa na garinmu Wexley da ke jihar Ohio, bayan jinyar ciwon ƙirji da ya sha tun farkon hunturu. Ya cika a gidansa na bakin kogi, a gaban matarsa Orpah da 'ya'yansa biyu, Asa da Keziah. Ranar Alhamis muka kai shi makwancinsa a bayan coci, kuma ban taɓa ganin taron jana'iza irin wannan a garin nan ba.

Na san wasu za su yi mamakin jin cewa ni ne na ɗauki alƙalami. Ni ne Silas Whitcomb, tsohon ma'ajin Bankin Wexley, kuma har yaran garin nan sun san cewa babu zaɓen shugaban ƙasa ko ɗaya da ni da marigayin muka taɓa bin ɗan takara guda. Duk da haka, in aka cire iyalinsa, ba na jin akwai wanda rashin nan ya taɓa kamar ni.

Jotham, ka zo garin nan ne a shekarar 1819, lokacin da kasuwa ta faɗi, farashin alkama ya karye, bankuna suka matsa wa manoma lamba. Wani banki na birni ya karɓe gonar da ka sare dajinta da hannunka. Ka iso da keken doki ɗaya da mata mai juna biyu, ka kama aikin ɗaukar buhu a injin niƙan da daga baya ya zama naka. Tun daga lokacin ba ka ƙara yarda da takardar kuɗi ba. Wanda ya kawo maka niƙa, ko dai ya biya da azurfa, ko ka ɗebi rabonka na hatsi. Ni kuwa da nake sa hannu a takardun bankinmu, sai ka laƙaba mini suna Mai Takarda, sunan ya bi ni har yau.

A wurinka, babban bankin ƙasa shi ne tushen duk wata masifa, domin shi ke matsa wa ƙanana, su kuma su matsa wa talaka. A wurina, shi ne linzamin da ke hana ƙananan bankuna buga takardar da babu komai a bayanta. Kan wannan muka yi ta fafatawa a shagon aski, a bakin coci, har a gidan biki. A shekarar 1832, da shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a sabunta lasisin bankin, ya kuma sake lashe zaɓe a kan haka, washegarin zuwan labari ka aiko mini da buhun garin alkama. Ɗan aiken ya ce in ji ka, a yi mini burodi mai laushi, don ka ji an ce baƙin ciki ba ya haɗiyuwa gaya. Matata Tamar ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa na ci burodin ina tsaki.

Sai ga watan Mayu na 1837. Labari ya zo daga New York cewa bankuna sun daina ba da zinariya da azurfa ga masu riƙe da takardunsu. Masu bankinmu, waɗanda ba ma a garin suke zaune ba, suka aiko mini da umarnin in rufe ƙofa. Na rufe. Kafin rana ta yi tsaka, manoma da ma'aikatan da ke haƙa hanyar jiragen ruwa sun cika titi, kowa riƙe da takardun da jiya kuɗi ne, yau ba sa sayen ƙwai. A saman bankin muke zaune ni da Tamar da 'ya'yanmu mata. Ta taga na hango an ɗora tukunyar kwalta a kan wuta, wani kuma yana yage matashin kai yana tara gashin agwagwa. Na san abin da ake shirya mini: a shafe ni da kwalta, a manna mini gashin, a zaga gari da ni. Abin da ban sani ba shi ne ko wutar za ta tsaya a ƙarƙashin tukunya.

A nan ka ɓullo, jikinka fari fat da gari. Ba ka yi gudu ba, ba ka ɗaga murya ba. Ka ratsa mutane, ka zauna a matakalar ƙofar bankin, ka cire hularka ka karkaɗe.

Eben Strand, shugaban masu haƙa, ya ce, "Baba Jotham, tashi daga nan, ba da kai muke ba."

Ka ce, "To wa ya fi ni tsanar banki a cikinku? Ya ɗaga hannu in gan shi. Shekara nawa ina gaya muku takarda takarda ce, kuna cewa tsoho ya ruɗe? Yanzu in kun shafa wa Silas kwalta, azurfa za ta zubo daga jikinsa? Ku dubi rigarsa mana. Shi ma ɗan abin da ya tara yana cikin ɗakin nan."

Eben ya ce, "To me za mu ci? 'Ya'yanmu me za su ci?"

Ka ce, "Yauwa, sai yanzu ka yi magana. Sauke tukunyar nan, ku biyo ni."

Suka bi ka kuwa. Ka buɗe musu rumbun da ka tara rabonka na hatsi, kowa ya koma gida da abin ɗora tukunya. Da la'asar ka dawo ka buga ƙofata, ka ce, "Mai Takarda, kana da rai? Fito, sun tafi. Amma kada ka ɗauka na sauya ra'ayi."

Sai bayan an daɗe ka gaya mini dalilinka. Ka ce ranar da aka fitar da ku daga gonarku, Orpah na zaune a kan kaya da tsohon ciki, maƙwabta suna leƙe ta taga, babu wanda ya fito ko da sannu ya ce. Ka ce ba gonar ce ta fi yi maka ciwo ba, tagogin nan ne. Ka yi wa kanka alkawari ba za ka taɓa zama mai leƙe ba.

Hunturun da ya biyo baya ya yi tsanani. An tsayar da aikin haƙa, shaguna sun rufe, ni kaina na koma koyar da lissafi don in ciyar da gida. Injinka bai tsaya ba, kuma babu matar da ta je maka da ƙwarya ta dawo da ita wofi. Gardamarmu ma ba ta tsaya ba. Ina cewa kashe babban banki ne ya jawo mana wannan, kana cewa laifin ɗaya ne, da aka kashe babba ba a haɗa da ƙanana ba.

Zaɓen 1840 ya zo mutane suna cikin yunwa da fushi, kuma jam'iyyarka ce ke mulki. 'Yan adawa suka cika tituna da waƙe-waƙe, da alamun ɗan takararsu, wato bukkokin katako a kan kekunan doki da gangunan ruwan tuffa. Har ɗanka Asa ya bi su. Manyan jam'iyyarku suka same ka, suka ce ka daina ba da gari ga duk wanda ka san ba ku zai zaɓa ba. Ka ce musu kai hatsi kake niƙawa, ba ƙuri'a ba, ka koma bakin aikinka.

A daminar shekarar ce ɓarin jikina ya shanye. Ranar zaɓe aka wayi gari da ruwa, hanya ta zama taɓo, na riga na haƙura da zuwa jefa ƙuri'a. Sai na ji ƙarar keken doki a ƙofar gida.

Ka ce, "Tashi mu je ka ɓata mini ƙuri'ata."

Na ce, "Jotham, ka fa san wanda zan zaɓa."

Ka ce, "Na sani mana. Yau ka fara ɓata?"

Ka haura sittin a lokacin, amma kai ka goya ni ka hau da ni matakalar kotu inda ake jefa ƙuri'a. Wani ɗan jam'iyyarku ya ce, "Haba Baba, abokin gaba ka ɗauko mana?" Kana haki ka ce, "In sai Silas ya kwanta ciwo za mu ci zaɓe, ai ba mu ci ba."

Kun faɗi zaɓen, faɗuwa mai muni. Na ga yadda abin ya taɓa ka, kuma ban iya yi maka tsiya ba. Kai ne ma ka ce mini, "Kada ku yi fahariya. Yunwa ce ta kayar da mu, ba ku ba. Ita ta ɗora mu da farko, kuma wata rana za ta waiwaye ku." Asa kuwa, ka yi kwanaki ba ka kula shi ba, sannan wata safiya ka leƙa ɗakinsa ka ce, "Mai girma ɗan adawa, buhunan nan ba za su ɗauki kansu ba." Shi ke nan magana ta wuce.

Ganinmu na ƙarshe, Keziah ce ta kai ni. Ka rame ƙwarai, muryarka da ƙyar take fita. Ka riƙe hannuna mai lafiya ka ce, "Silas, duk gardamar nan da muka yi, a ganinka wa ya fi gaskiya?" Na ce, "Ni mana." Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce, "Allah ya shirye ka." Daga nan ka ce in karanta maka Zabura. Da na gama, ka ce abu ɗaya kake roƙona: in riƙa leƙa Orpah, domin ba ta saba da gida shiru ba. Jiya na je. Mun zauna a bakin murhu, na yi iya ƙoƙarina, amma ni da ita duk mun san ba ni ne mai surutun gidan ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Orpah, wadda ta bi ka daga gonar da aka ƙwace har zuwa bakin kabari ba ta taɓa gajiya ba. Ga Asa, wanda injin ya koma hannunsa. Ga Keziah da mijinta da jikokinka. Da kuma mutanen Wexley baki ɗaya, na jam'iyyarku da na tamu. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ubangiji ya jiƙanka, Jotham. Ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya ciyar da kai daga taskarsa kamar yadda ka ciyar da bayinsa. Ya albarkaci zuriyar da ka bari. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau. Amin.