Aljihun Dama na Umara

Umara Maisandari bai taɓa mallakar bindiga ba, amma a zamaninsa babu wanda ya fi shi sanin harsashin tsuntsun ruwa a Maiduguri. Ni nake tuƙa masa kwalekwale a tafkin Alau, shekara tara, shi ya sa na san abin da zan faɗa.

Yana aiki ne wurin wani Bature mai allurar shanu da ke zaune a Jiyare, unguwar Turawa. Ran Lahadi sai a fita harbi. Baturen yakan ba Umara bindigarsa ta biyu, mai baki biyu, da yamma a mayar da ita. Umara bai iya karatu ba. Idan an sayo harsashi a kantin Anselm, sai ya ɗauki ɗaya ya girgiza a kunne. Mai manyan ƙwayoyi, lamba biyu, na dinya ne, don gashin ƙirjinta kauri gare shi. Lamba shida na kirinjijiya da ƙananan agwagi. Na dinya a aljihun dama, na ƙanana a hagu. Anselm yakan ce, "Baba Umara, kai da kunne kake karatu, mu da muka je makaranta asara muka yi."

To, ƙarar bindiga ba ta barin kunne lafiya. Wajen shekarar alif ɗari tara da hamsin da takwas kunnensa na dama ya mutu, na hagu ma ya yi nauyi. Ya ɓoye. Mutum ɗaya ya gaya wa ban da ni, wato Dzarma, mutumin Biu da ya zo neman aiki, Umara ya saukar da shi a zaurensa, ya koya masa harbi, ya kai shi wurin Bature. Dzarma ya yi aji huɗu, yana karanta lamba. Sai ya zama kowace Lahadi shi ke raba wa Umara harsashi a ɓoye.

"Ya Umara, ni ne kunnenka," haka yake cewa.

Da mulkin kai ya matso, Bature ya ce zai tafi gida, kuma zai bar bindigar nan da takardarta ga ɗaya daga cikinsu. Kowa ya san ta Umara ce. Da ita zai ci abinci bayan tafiyar Bature, don ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Baturen ya ce a yi fita ta ƙarshe, yana son dinya don liyafar ban kwana.

Da hantsi muka ɓuya cikin ciyawa. Dinya biyar suka taso ƙasa-ƙasa, har kana ganin jan bakinsu. Umara ya sa hannu a aljihun dama, ya ɗura, ya harba. Gashi ya tashi, dinya ta karkace, ta ci gaba da tafiya. Ya sake. Haka. Sau shida ya harba a ranar, ba ko ɗaya a ruwa, sai tsuntsaye masu rauni da za su je su mutu a wani wuri. Abin da Umara ya fi ƙi ke nan a duniya.

Dzarma daga ɗaya kwalekwalen ya kayar da biyu da ɗaya bindigar Baturen.

A bakin tafki Bature ya kira Umara daga dama, bai juya ba. Sai na ji Dzarma yana cewa a hankali, "Ranka ya daɗe, ka yi masa haƙuri. Kunnen ya daɗe da tafiya, yanzu ga ido ma."

Bayan motarsu ta tashi, Umara ya zauna a kan kwalekwale ya ciro harsashi ɗaya da ya rage a aljihun dama. Ya yanka shi da wuƙa a tafin hannunsa. Ƙwayoyin suka zubo ƙanana kamar gero, irin na harbin kurciya.

Na ce, "Tashi mu je Jiyare ka nuna wa Bature."

Ya ce, "In ce masa me? Shekara biyu ina ɓoye masa kunnena?"

Ya ƙulle ƙwayoyin a bakin rawaninsa. Bindiga ta tafi wurin Dzarma, a makon nan ya kwashe kayansa daga zauren.

Umara ya koma Kasuwar Shanu yana tufka igiya yana sayar wa dillalai. Bai taɓa faɗa wa kowa maganar nan ba, ko matarsa Zainaba ce mata ya yi wai tsufa ne ya zo.

Bayan damina biyu ruwa ya sauya, dinya suka bar inda aka saba. Dzarma ya yi ta yawo bai same su ba. Ran nan ina zaune wurin Umara sai ga shi da bindigar a kafaɗa, da goro a hannu. Ya tsuguna ta hagu, don ya san wanne kunne ke ji.

"Ya Umara, ina suka koma bana? Ka raka ni, mu raba biyu."

Umara ya dubi bindigar. An bar tsatsa ta hau bakinta. Ya kwance bakin rawaninsa, ya zuba ƙwayoyin nan a hannun Dzarma, a kan goron. Sa'an nan ya gyara zama, ya juya masa kunnen dama, ya ci gaba da tufkarsa.

Ya san inda suka koma. Ya gaya mini, bayan Dzarma ya tafi. Har ya rasu ba mu je ba.